Yini ɗaya a Jos: ki bi kabeji, ki ajiye rikici

Tambaya: Anti, ina shekara ta biyu a karatun aikin jarida a nan Bauchi. Malaminmu ya ce kowa ya je garin da bai taɓa zuwa ba, ya yini, ya dawo da rahoto. Ni Jos na zaɓa. Ina so in ga gidan tarihi, da kasuwar Taminus, da duwatsun Shere, da gidan namun daji, in kuma yi hira da mutane kan rikicin garin. Kuɗina na mota ne da na abinci kawai, kuma a gida an ce kada magariba ta same ni a hanya. Ta ina zan fara?

Amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, kuma malaminku ya kyauta, domin aikin nan a ƙafa ake koyonsa. Amma kafin komai ki ɗauki biro ki soke jerin nan naki. Na 'yan yawon buɗe ido ne. Duk wanda ya bi shi zai dawo da waya cike da hotuna, ya zauna rubutu ya rasa jimlar farko.

Mu yi lissafi. Daga Bauchi zuwa Jos kilomita 130 ne ko kusa da haka, tafiyar awa biyu idan hanya ta yi kyau, ban da zaman jiran mota ta cika a tasha da tsaye-tsaye a shingayen jami'an tsaro. Ko kin bar gida ana idar da sallar asuba, da wuya ki taka Jos kafin ƙarfe tara. Tunda an kafa miki sharaɗin magariba, ƙarfe uku da rabi ya kamata ta same ki cikin motar komawa. Cire sallar azahar, cire cin abinci, cire hawa keke da sauka, cire jiran mutumin da zai ce miki “ina zuwa yanzu” ya shafe minti arba'in. Abin da ya rage bai fi awa huɗu ba. Awa huɗu ba za ta sanar da ke gari ba, amma ta ishe ki sanin lungu ɗaya a cikinsa da amsa tambaya guda.

Abin da zan fara roƙonki ki ajiye shi ne hirar rikici. Na san abin da ya ja ki. Duk wanda ya tashi a Bauchi ta bakin rikici ya fara jin sunan Jos: Juma'ar 7 ga Satumban 2001, gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, tarzomar da ta biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008, wata a Janairun 2010, bama-baman Mayun 2014, sai harin da aka kai wa matafiyan da suka taso daga Bauchi a hanyar Rukuba cikin Agustan 2021, wanda nake zaton shi ne har yanzu yake ran iyayenki. Duk sun faru, ban kuma ce a binne su ba. Sai dai tushen maganar mai zurfi ne: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tsakanin Birom da Anaguta da Afizere a gefe guda, da Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zauna garin tun zamanin haƙar kuza a ɗaya gefen. Ga takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ke buɗe ƙofar aiki da gurbin karatu, ga kujerar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da aka ƙirƙiro a 1991. Kwamitocin bincike na manyan alƙalai sun yi watanni suna zama a kai.

Ke kuma motarki za ta sauke ki a wajajen Bauchi Road, inda mafi yawan mazauna Musulmi ne. Za ki yi hira da mutum huɗu masu kama da ke, masu magana irin taki, su ba ki labari mai sa kuka, kuma gaskiyarsu suka faɗa. Ki hau mota ki dawo da rabin labari kina zaton cikakke ne. Da a Tudun Wada ko Kabong, inda Kiristoci suka fi yawa, aka sauke ki, da ɗaya rabin za ki kwaso, shi ma da hawayensa. Bayan haka, tambayar uwa yadda aka kashe mata ɗa ba abin da ake yi a tsaye ba ne, ido na kan agogo. Ki fama mata ciwo, ki ce “na gode Mama,” ki tafi neman keke? Wannan aikin yana jiranki nan gaba, lokacin da za ki iya yin mako a garin, da edita a bayanki.

Da ni ce ke, kabeji zan bi.

Kada ki yi dariya. Kabeji da karas da dankalin Turawan da kike gani a kasuwar Muda Lawal, da yawansu daga Filato suke gangarowa. Tambayarki ɗaya ce: daga gona zuwa tiren mai kayan miya a Bauchi, hannu nawa kan kabeji yake bi, kuma wa ya fi samu a cikinsu? Wurinki ɗaya ne: kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, wadda ba ta da nisa da inda za ki sauka. Rahoton ma tun a gida zai fara. Ana gobe tafiya ki shiga Muda Lawal ki tambayi masu sayarwa biyu ko uku nawa suke saro buhu, a wurin wa, nawa suke biyan mota, kan nawa ne yake ruɓewa kafin ya iso. Ki rubuta. Za ki shiga Farin Gada da abin aunawa a hannu, kuma ɗan kasuwa na gane wanda ya san farashi tun daga tambayar farko.

Abin da ya sa nake son wannan labarin shi ne igiyarsa doguwa ce. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa sanyinta yake karɓar shukar da zafin Bauchi ke ƙonawa. Amma sanyi kaɗai bai kawo kabeji ba, kuza ce ta kawo shi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suna narka kuza, 'yan fatauci suna kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka bi sawunta har suka gano inda take kwance, kamfanoni suka cika tudun. Aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914. Abin dariya, sunan Bauchi aka laƙaba masa alhali bai taɓa zuwa garinku ba, saboda a lokacin tudun yana ƙarƙashin lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke lardin Filato. Leburori suka kwararo daga Kano, Zazzau, Barno da kudu, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har da na tilas aka riƙa kawowa. Ki saurari sunayen garuruwan da ke kewaye, Barikin Ladi, Gindin Akwati, Mai Adiko, za ki ji Hausar bariki a cikinsu. Turawan ma'adinai da 'yan mishan suna son cimar ƙasarsu, ta nan dankali da kabeji da latas suka samu gindin zama.

Kamfanonin sun tafi sun bar ramuka, ruwa ya cika su suka zama tafkuna. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, mutane da yawa lambu suka koma. Yau idan kika bi hanyar Bukuru da rani za ki ga injin ban-ruwa a bakin tsohon ramin kuza yana tura ruwa cikin fangalin karas. Kin ga ke nan, kina jan kan kabeji sai kuza ta biyo, kina jan kuza sai ga tarihin yadda ƙabilu suka taru a garin da maganar wa ke da ƙasa. Rikicin da na ce ki ajiye zai shigo da ƙafarsa. Wata ƙila dillali ya ce miki akwai ƙauyen da ya daina shiga sayen kaya, yanzu a bakin titi ake haɗuwa, ko manomiya ta ce miki abokin cinikinta na shekara da shekaru Bahaushe ne, ko a lokacin tashin hankali ta waya suke daidaita farashi. Irin wannan jimla, wadda ba ki roƙa ba, ta fi hira goma da aka fara da “me za ka ce game da rikici?”

Shirin tafiya kuwa, mafi girmansa mutum ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ki nemi lambar mutum ɗaya a Jos tun kwana uku kafin ki tashi: ɗalibin Jami'ar Jos, wakilin wata kafa, ko wanda malaminku ya sani a reshen ƙungiyar 'yan jarida ta jihar. Jos gari ne na 'yan jarida, a can jaridar Nigeria Standard take tun 1972, a can kwalejin talabijin ta NTA take, ba za a rasa wanda zai amsa wayarki ba. Ba wai ya yini yana binki ba. Ki tambaye shi ƙarfe nawa kasuwar ta fi ci, wa ake fara gani idan an shiga, kuma ki sake kiransa da asubar ranar ki ji ko gari lafiya. An sha kafa dokar hana fita a Jos cikin 'yan sa'o'i, kuma wanda ke ciki yakan ji ƙishin-ƙishin kafin rediyo ya faɗa. Idan ya ce miki “yau ki dakata,” ki dakata, makin darasi bai kai nan ba. Kada ki zaɓi Juma'a ko Lahadi, ranakun ibada ne da akan tare wasu tituna, kuma mutanen da kike nema rabinsu ba sa nan.

Ki karɓi takarda daga sashenku mai hatimi, ki haɗa da katin makaranta. Ki ɗauki littafin rubutu ƙarami da biro biyu, fawa banki, canji ƙanana, da rigar sanyi ko da kin bar Bauchi kina gumi. In da damina ne ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa, domin kasuwar gwari da ruwan sama caɓi ne da ruɓaɓɓen ganye. Ki bar wa wani a gida lambar motar da kika shiga da lambar ɗan garin naki.

A mota ki nemi gefen taga, littafi a cinya. Bayan Nabardo da Toro da Magama Gumau, kina kusantar Tilden Fulani za ki ji iska ta sauya, duwatsu sun fara hawa kan juna. Ki lura da motocin da ke gangarowa ta ɗaya hannun, me suka ɗauko, buhu ne ko kwando, a rufe ko a buɗe. Wannan ma rahoto ne. Direba zai yi magana, fasinjoji za su yi, ki saurara da kyau amma kada ki gina komai a kai. Ni na taɓa yin wannan wautar. Farkon fara aikina aka tura ni wani gari, na dawo da rahoto mai daɗin ji, editana ya karanta shiru, ya ɗago ya ce, “Wannan ‘mazauna garin sun ce’ ɗin, su nawa ne?” Na yi ta kame-kame. Gaskiyar ita ce mutum ɗaya ne, direban da ya kai ni, kuma shi ma ba ɗan garin ba ne. Ya miƙo mini takardata ko jan biro bai sa mata ba. Maganar direba takan nuna miki inda za ki tona, amma tonon naki ne.

Idan kin isa kasuwa kada ki zaro waya. Ki yi minti goma sha biyar kina zagayawa kamar mai sayayya. Ki ga inda ake sauke kaya da inda ake lodi, ki ga waɗanda ke zaune a kan benci da waɗanda ke tsaye, ki ga wa ke riƙe da littafi, domin mai littafi a kasuwar gwari yawanci shi ne dillali, a wurinsa bashi da la'ada suke. Ki kalli 'yan dako yadda suke cusa kabeji a buhu har ya yi tozo, a rufe bakin da ganye a ɗinke da igiya. Ki ji warin wurin, ɗanyen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin manyan motoci. Sannan ki tambayi ofishin shugaban kasuwa. Wannan gaisuwar ba ɓata lokaci ba ce. Baƙuwar da aka gani tana ɗaukar hoto ba izini, cikin minti biyar za a kewaye ta, wani ya ce 'yar haraji ce, wani ya ce 'yar leƙen asiri. Ki gaishe shi da ladabi, “Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce daga Bauchi,” ki miƙa takardarki, ki faɗi abin da ya kawo ki a jimla ɗaya.

Zai haɗa ki da wani yaro ya zagaya da ke, kuma a nan tarko yake. Yaron zai kai ki wurin mutanen shugaba, waɗanda za su ce komai lafiya sai dai gwamnati ta taimaka. Ki yi hira da su, ki gode. Daga nan ki ce za ki sayi karas na tsaraba, ki sulale ki nemi naki mutanen. Huɗu kike bukata: wanda ya noma ya kawo, dillalin da ya tsaya a tsakani, mai sari da zai loda zuwa wani gari, da ɗan dako ko direba. Ki tabbata akwai mace a ciki, ki kuma tabbata ba duka addini ɗaya ko ƙabila ɗaya ba ne. Ba don ki rubuta addinin kowa ba, don kada ki dawo da kasuwar ɓangare guda.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. “Yaya kasuwa?” amsarta ɗaya ce daga nan har Legas: “Sai godiya.” “Waɗanne ƙalubale kuke fuskanta?” kuma za ta jawo miki jawabin da aka saba yi wa 'yan rediyo. Ki tambayi abin da ake ƙirgawa da abin da ya faru jiya. Buhu nawa kika kawo yau? Ƙarfe nawa kika baro gona? Nawa kika biya mota, nawa aka cire na dillali, nawa ya shiga hannunki? Taki nawa kika zuba, bashi ne ko kuɗi hannu? Yaushe rabon da ki koma gida da asara, me ya faru ranar? Mutum ba ya iya yi wa irin wannan tambaya jawabi, sai dai ya ba ki labari. Idan ya yi shiru kada ki yi saurin cike masa gurbi, ki bar shirun ya yi aikinsa, abin da ke biyo bayansa yakan fi na farko.

Ki yi hattara da farashi. “Buhu” ba ma'auni ɗaya ba ne, akwai babba akwai ƙarami, akwai mai tozo akwai shafaffe. Kuɗin safe daban da na azahar, domin kayan gwari ba ya jira, rana na ɗagawa mai shi na sassautawa. Duk adadin da kika rubuta ki sa masa lokaci da irin buhun da sunan wanda ya faɗa, ki kuma ji shi daga baki biyu waɗanda ba su ji juna ba. Wanda ya ce miki “mota ɗari ke tashi daga nan kullum,” ki tambaye shi wa ke rubutawa. Idan akwai 'yan yuniyon masu littafin lodi, ki je ki gani da idonki. In babu, ki rubuta cewa shi ya faɗa, ko ki bar shi.

Naɗar murya kuma, ki nemi izini a fili, ki matsa da mutum nesa da janareta da injin mota, ki naɗi daƙiƙa goma ki saurara kafin ki ci gaba. Na taɓa dawowa da hirar rabin awa da wata tsohuwa, hira mafi kyau da na yi a shekarar, na kunna a ofis ban ji komai ba sai kukan injin markaɗe. Tun daga ranar ko ina naɗa ina rubutawa. Yara kuwa, ko sun yi ta tsalle suna “Anti ɗauke mu,” kada ki sa fuskarsu a rahoto ba da yardar iyayensu ba. Jami'an tsaro da shingayensu kada ki ɗaga musu waya sam.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da Bahaushe a Jos, kuma shi ya sa na ce garin baƙo ne gare ki fiye da yadda kike zato. Kowa Hausa yake yi. Mai keke Hausa, mai tumatir Hausa, matar da ta sauko daga Bokkos ko Mangu da dankali Hausa. Sai ki saki jiki ki ɗauka kina gida. Hausar Jos harshen kasuwa ce da ta haɗa ƙabilu masu yawa, har coci da ita ake wa'azi, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma hedikwatar manyan ɗarikun ECWA da COCIN duk a garin suke. Wadda ta ce miki “Allah ya kiyaye hanya” ko “mun gode wa Ubangiji” ba ta gaya miki addininta ba. Suna ma haka: Musa, Yakubu, Ladi, Asabe, Talatu, Ɗanjuma, kowanne kina iya samunsa a masallaci ko a majami'a. Kada ki yi hasashe, kada ki kuma tambaya in labarin bai bukata ba. Za ki ji ana ce wa mace “ya zo,” za ki ji kalmomi sun sauya zama. Kada ki gyara wa kowa, kada ki yi murmushin da za a gani. Matar nan Hausa ce harshenta na biyu ko na uku, ke fa nata nawa kika iya? Ki roƙe ta ta koya miki gaisuwa da harshenta, ki gwada, ta yi miki dariya. Daga nan hira ta buɗe.

Wajen rubutu kuma akwai kalmomin da a Bauchi suke fita a baki ba a ji komai, a Jos kuwa wuta ne. “Arna” kada ta kusanci bakinki ko alƙalaminki. “Baƙi,” “'yan ƙasa,” “'yan zama,” har da “Jasawa,” kowacce tana ɗauke da matsayi a cikin gardamar da na faɗa miki, idan kika yi amfani da ita da bakinki kin shiga layi ba ki sani ba. Ki kira mutum da sunan da ya kira kansa. Idan ya ce shi Birom ne, Birom ne. Ki sa ya faɗi harufan sunansa ki rubuta a gabansa, ki nuna masa, domin sunayen Filato da yawa kunnen Bahaushe yana jin su a karkace.

Wani zai miƙo miki kan kabeji biyu ko ledar karas ya ce tsaraba. Wani babba zai iya cusa miki “na mota.” Kuɗi kam a'a, ki ce makaranta ta hana, ki faɗa da fara'a. Ƙa'idojin aikin da 'yan jaridar Najeriya suka amince da su a Ilori a 1998 sun hana karɓar abin da zai sa a buga labari ko a danne shi, kuma hali tun ana ɗalibi yake kamawa. Kabejin manomiya kuwa, ƙin karɓa cin fuska ne. Ni abin da nake yi shi ne in karɓa, sannan in sayi wani abu a wurinta a kan kuɗinsa ba tayi. Ke ma kada ki biya kowa don ya yi magana, kada ki kuma yi alkawarin “gwamnati za ta ji.” Ki ce aikin makaranta ne, iyakarsa ke nan.

Wajen ƙarfe ɗaya ki rufe littafi. Ki yi salla, ki ci abinci a nan kusa, in kin samu gwaten acca ki gwada. Idan sauran lokaci ya kai awa ɗaya da rabi, to na yarda ki je wuri ɗaya daga cikin jerinki, gidan tarihi, saboda yana cikin labarinki. An buɗe shi a 1952 ta hannun Bernard Fagg, Baturen da ya tattara tsofaffin gumakan yumɓun nan da ake kira da sunan ƙauyen Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ki sa ɗan garinki ya tabbatar miki a buɗe yake ranar. A hanya ki roƙi mai keke ya bi da ke ta Taminus, ki ga wurin kasuwar da ta ƙone, ki kalla kawai ki wuce. Shere da gidan namun daji ki bar su sai ranar da kika zo da ƙawaye.

Kafin ki bar Farin Gada ki karɓi lambar waya ta aƙalla mutum uku cikin waɗanda kika yi hira da su. Za ki bukace su, domin sai kin zauna rubutu za ki ga ramin da kika bari. A motar komawa, tun abin yana da ɗumi, ki rubuta abu biyar da idonki ya gani waɗanda ba wanda ya gaya miki: launin ƙasar da ke manne da dankali, yadda dillali yake lissafi a bayan kwali, abin da aka yi da ganyen da aka ɓare. In an yi sa'a motar da kika shiga tana da buhun kabeji a but, ki tambayi mai shi inda za shi, ƙarshen rahotonki ke nan ya biyo ki.

Ki rubuta a daren, kada ki kwana da shi. Kada ki fara da “Jos babban birnin jihar Filato ne,” kowa ya sani. Kada ki fara da tashinki da asuba da yadda gabanki ya riƙa faɗuwa, wannan na littafin sirrinki ne. Ki fara da mutum ɗaya da buhunsa da kuɗin da ya shiga hannunsa, ki bi buhun har Muda Lawal, tarihin kuza ya shigo a sakin layi ɗaya inda ake bukatarsa. Ki faɗa a fili cewa yini ɗaya kika yi, kasuwa ɗaya kika shiga, mutum kaza kika ji, kuma duk inda hannunki ya rubuta “mutanen Jos” ki goge ki sa adadin waɗanda kika gani da sunayensu. Washegari da safe, kafin ki kai wa malaminku, ki kira manomiyar nan ki karanta mata jimlar da kika sa a bakinta da adadin da kika ce ta samu. Idan ta ce ba haka ta faɗa ba, ki gyara.